Zuwa ga 'Yata Likita, Kafin Ki Cike Fom

Saƙonki ya iso. Kin ce hidimar ƙasa ta zo gangara, kuma zuciyarki ta kwanta da fannin nan da ku likitocin yanzu kuke taƙaita sunansa da IR, wato yi wa majiyyaci aiki ta hudar allura, ido yana kan hoto, ba tare da an tsaga shi ba. Kin nemi in faɗa miki inda ake neman horon da yadda ake nema. Zan faɗi abin da ya sawwaƙa. Sai dai ki yi haƙuri da baffanki, akwai maganar da ta riga maganar fom, da ita zan fara.

Zaɓin ya yi mini daɗi. Na yi shekaru ina karanta hotunan marasa lafiya, in ga ciwo ƙuru-ƙuru, iyakar abin da zan yi in rubuta rahoto in sa hannu, fayil ya wuce, in jawo na gaba. Duk wanda ya zauna a wannan kujera ya san ƙaiƙayin da hannu yake yi. Fannin da kike so shi ya ba mai karanta hoto damar miƙa hannun. Tushensa wata 'yar dabara ce da likita ɗan ƙasar Siwidin, Sven-Ivar Seldinger, ya bayyana a 1953: a soka allura cikin jijiyar jini, a zura siririyar waya ta cikin allurar, a zare allurar, sannan a tura bututu ya bi kan wayar. Shi ke nan. Mafi yawan abin da za ki koya nan gaba, tun daga sa bututun wankin ƙoda har zuwa ciro gudan jini daga ƙwaƙwalwar mai shanyewar ɓarin jiki, daga nan ya samo asali. Ranar 16 ga Janairu, 1964, a garin Portland na jihar Oregon a Amurka, Charles Dotter ya bi wannan hanya ya buɗa tsukakkiyar jijiyar ƙafar wata tsohuwa mai shekara 82. An ce sai an yanke ƙafar, ta ce ba ta san zancen ba. Ya faɗaɗa wurin da bututu, jini ya sauka, zogi ya lafa, tsohuwa ta taka ƙafarta ta koma gida.

Mu kuwa a nan, buƙatar ba a magana. Kin yi aiki a ɗakin haihuwa, kin ga macen da jini ya ɓalle mata, aka yi allura, aka yi matsa, ƙarshe aka cire mahaifa don a ceci rai, alhali haihuwarta ta fari ke nan. Tun 1979 aka fara tsayar da irin wannan jini ta hanyar toshe jijiyar da ke kai shi. A 1995 Jacques Ravina da abokan aikinsa a Faris suka nuna cewa toshe jijiyoyin mahaifa yana sa ƙarin mahaifa ya motse, ciwon da ya fi yawa a matanmu baƙaƙen fata. Ga sankarar hanta da ciwon hanta nau'in B yake jawowa, wadda take ɗauke mana samari suna tsakiyar ƙarfinsu. Ga matar da sankarar bakin mahaifa ta danne mata hanyoyin fitsari, ƙoda ta kumbura, ɗan bututu guda ta baya zai dawo da ita hayyacinta. Ga mugunya a hanta da allura za ta zuƙe. Ga ƙari a ciki da ake ta canki-canki a kansa, alhali ɗan tsokar da za a ɗebo da allura zai raba gardama. Ki lura, rabin abin da na lissafa ba ya buƙatar ɗakin miliyoyin daloli. Na'urar sikanin, allura, bututu, da likitan da ya san abin da yake kallo. Ki riƙe wannan, zan dawo kansa.

To ga maganar da na ce ta riga fom. A wannan aiki, hannu ba ya zuwa inda ido bai riga shi ba. Na ga matasa da yawa da suka shigo rediyoloji suna ɗaukar shekarun karanta hoto a matsayin harajin da za su biya kafin a bar su su taɓa waya da bututu. Su zauna gaban hoton ƙirji suna hamma, hankalinsu yana ɗakin aiki. Irin waɗannan su ne suke soka allura a jijiyar da ta kumbura suna zaton ƙurji ne. Wanda bai ƙware a karanta siti sikan na ciki ba, bai san inda hanji ya kwanta ba, bai san jijiyar hanta takan saɓa hanya a jikin wasu mutane ba, to hannunsa ko ya kai na maɗinki laushi, haɗari ne ga jama'a. Ki so karatun hoto don kansa. In kin zauna wata shida a sashen kika ji duhun ɗakin rahoto yana shaƙe ki, kika ji fiziks ya zame miki ƙaya, ki tsaya ki sake tunani tun da sauran lokaci. Ba abin kunya ba ne. Tiyata tana nan, fannin mata da haihuwa yana nan.

Ido kaɗai kuma bai isa ba. Dotter da kansa ya gargaɗi 'yan fanninsa cewa muddin suka ƙi ɗaukar nauyin majiyyaci, suka tsaya ga gwanintar hannu, to za su koma masu gyaran famfo masu tsada, a kira su su buɗe inda ya toshe, a sallame su. Tarihi ya gaskata shi. Bayan Andreas Gruentzig ya buɗa jijiyar zuciya da 'yar balan-balan a Zurik a 1977, likitocin zuciya ne suka riƙe aikin har yau, don majiyyatan a hannunsu suke. Su suke ganin su a kilinik, su suke kwantar da su, su ake tasa da dare in abu ya ɓaci. Saboda haka abin da kika koya a shekarar sanin makamar aiki, kada ki ajiye shi a bakin ƙofar sashen hoto. Duba majiyyaci, auna ƙarfin ƙodarsa kafin a ɗura masa ruwan hoto, sanin wanda yake shan maganin tsinka jini da ranar da zai dakata, gane wanda ƙwayoyin cuta suka shiga jininsa bayan an zuƙe masa mugunya, duk naki ne. Wanda kika sa wa bututu yau, gobe da safe ki je gadonsa da ƙafarki, kada ki jira a aiko. Ki zauna da mijin matar ko mahaifinta ki yi musu bayani da Hausar da za su gane: me za a yi, me zai iya faruwa, nawa za a kashe, in an ƙi yi me zai biyo baya. Mutanenmu in suka ji an ce babu yanka, sai su ɗauka babu haɗari. Alhakinki ne ki gyara musu wannan fahimta kafin su sa hannu a takarda.

Yanzu ga hanya. A Najeriya ƙofa ɗaya ce, sai kin zama likitar rediyoloji tukuna. Kwaleji biyu suke ba da shaidar ƙwarewa: ta ƙasa, NPMCN, da aka kafa a 1979, mai mazauni a Ijanikin ta Legas, da ta likitocin tiyata na Afirka ta Yamma, WACS, wadda rediyoloji yake ɗaya daga cikin rassanta. Za ki fara da jarabawar share fage, ki nemi gurbi a asibitin koyarwa, ki yi shekarun ƙaramin mataki ki ci jarabawar kashi na ɗaya, ki hau babban mataki, ki rubuta kundin bincike, ki kare shi a kashi na biyu. Ga yawancin mutane shekara biyar ko shida ne, in yajin aiki bai ci nasa rabon ba. Shawarata ki zauna jarabawar kwalejojin biyu in aljihu ya yarda, kuma ki yi ta yanzu, tun ilimin sassan jiki da kika haddace a aji biyu bai gama zubewa ba. Kafin ki karɓi gurbi, ko a Kano ne, ko Shika, ko Sakkwato, ko Maiduguri, ko ma kudu, ki tambaya: shin kwaleji ta amince wa sashen ya horar har ƙarshe, ko rabin amincewa ce? Na'urorin da aka lissafa a takarda suna aiki? Wa yake ɗebo tsoka da allura a asibitin, 'yan rediyoloji ko wasu? Kada ki tambayi shugaban sashe kaɗai. Ki samu wanda yake shekara ta uku a horon, ki saya masa lemo, zai faɗa miki gaskiya.

Na san ƙawayenki suna ta maganar fita waje, kuma ba zan ce miki kada ki duba ba. A Amurka, tun 2012 aka amince IR ya zama fanni mai cin gashin kansa. Mai shiga kai tsaye yana yin shekara shida: ɗaya a ɗakunan majiyyata, uku mafi yawansu karatun hoto, biyu aikin hannu. Ki ga ko su ba su yarda a tsallake ido a je ga hannu ba. Akwai kuma hanyar gama rediyoloji sannan a ƙara shekara biyu, ko ɗaya ga wanda ya fara tattara aikin tun yana cikin horo. Kafin ki isa nan sai kin ci jarabawar USMLE, hukumar ECFMG ta tantance takardunki, ki tura nema a watan Satumba, ki jira sakamakon rabon gurabe a watan Maris. Tun Janairun 2022 matakin farko na jarabawar ya koma ci ko faɗuwa kawai, babu maki, don haka idon masu zaɓe ya koma kan makin mataki na biyu. Gurbin shiga kai tsaye yana cikin masu wuyar samu ko ga 'yan ƙasar, balle baƙo. Kuɗin kuma da dala ake biya, kin san abin da wannan yake nufi a yau. In bizar J-1 aka ba ki, sharaɗinta ki dawo gida shekara biyu bayan kin gama. A Ingila, tun 2010 IR reshe ne a ƙarƙashin rediyoloji, shekara shida maimakon biyar, da jarabawar FRCR a tsakiya. Ƙa'idojin ɗaukar baƙi a ƙasashen biyu suna sauyawa, ki karanta na shekarar da za ki nema daga tushe, kada ki dogara da abin da aka turo a WhatsApp.

Amma inda nake so ki kai idonki shi ne Tanzaniya. A 2018 aka fara horar da likitocin IR a asibitin Muhimbili da ke Darussalam, da haɗin gwiwar wani shiri mai suna Road2IR da malamai daga jami'o'in Yale da Emory. Maimakon a kwashi ɗalibai a kai su Amurka, sai malaman suke zuwa rukuni-rukuni, likita da nas da mai sarrafa na'ura, su yi 'yan makonni su koma, wasu su zo. Digiri na biyu ne na shekara biyu ga wanda ya riga ya gama rediyoloji, kuma rukunin farko sun fito a 2021. Abin da ya burge ni ba sunayen jami'o'in ba ne. Wanda ya koyi aiki a can ya koye shi a kan cututtuka irin namu, da majiyyata masu zuwa a makare irin namu, da ƙarancin kaya irin namu. Ranar da ya koma asibitinsu ba zai tsaya yana neman abin da babu ba.

Nan ne zan ja kunnenki da ƙarfi. Akwai horon da ake zuwa kallo, akwai wanda ake sa hannu. Za ki ga tallace-tallace na wata uku ko wata shida a ƙasashe daban-daban, a karɓi kuɗi masu kauri, ki tsaya bayan gilashi kina kallon wasu suna aiki, a ƙarshe a ba ki satifiket mai zanen zinare. Kallo yana da amfaninsa, yana buɗe ido. Amma wanda ya dawo da takardar kallo ya rataye ta a ofis ya fara soka mutane, ya ɗauki alhakin da ba zai iya saukewa ba. Kafin ki biya ko sisi, ki tambaya a rubuce: za a ba ni lasisin taɓa majiyyaci a ƙasar? Aiki nawa wanda ya gama bara ya yi da hannunsa, shi ne a gaba ba mataimaki ba? Ana sa ɗalibi kiran dare? In suka yi ta kewaye-kewaye, kin samu amsarki.

Maganar neman kanta, ba a fafe gora ranar tafiya. Abin da ya fi kayar da yaranmu ba rashin ƙoƙari ba ne, takardu ne. Ki ɗauko fasfo ɗinki, da shaidar digiri, da lasisin aikin likita na MDCN, da takardar haihuwa, ki jera su a tabarma ki duba harafi-harafi. Sunayenmu kowane magatakarda da yadda yake rubuta su: nan Muhammad, can Mohammed, nan an sa sunan gari, can an cire. Mu a gida ba ma ɗaukarsa komai, amma kwamfutar masu tantancewa ba ta san uzuri ba, harafi guda yakan tsayar da nema wata da watanni. Ki gyara tun yanzu. Takardar sakamakon jami'a ma ki nema da wuri, fitowarta ba ta da rana.

Ki buɗe littafi ki riƙa rubuta duk aikin da kika yi ko kika taimaka aka yi: rana, irin aikin, wa ya tsaya a kanki, me ya biyo baya, har da wanda bai yi kyau ba. Banda sunan majiyyaci. Wannan littafi ya fi duk wani kirari da za ki yi wa kanki. Bincike kuma, kada ki ruɗu da masu jera maƙala ashirin a mujallun da ake biya a buga. Masu zaɓe sun san su. Ki ɗauki abu ƙarami na gaske, misali ki bi duk tsokar da aka ɗebo da allura a sashenku cikin shekara guda, ki ga nawa ne suka isa a gane ciwo, nawa aka maimaita, me ya sa. Aiki guda da za ki iya karewa ta kowace fuska ya wadatar. Kada ki yarda a sa sunanki a aikin da ba ki yi ba, ko da kyauta ne, don ranar ganawa a kansa za a tsare ki, ramin ƙarya kuwa ƙurarre ne.

Takardar shaida, ki nema wurin wanda ya ga aikinki da ƙarfe ukun dare, ko da ba a san shi ba, ba wurin babban farfesan da zai tambayi sakatarensa ko wace ce ke ba. Ki je da kanki, ki gaisa, ki ba shi lokaci isasshe. Takardar bayanin kai kuwa ki rubuta da hannunki. Masu karantawa sun gaji da labarin wanda tun yana ɗan shekara biyar yake mafarkin zama likita. Ki ba su majiyyaci guda da kika gani, abin da aka rasa a ranar, da abin da kike so ki iya don kada a sake rasawa. A wurin ganawa, na san tarbiyyar gidanmu, sunkuyar da kai gaban manya da rage murya. Ladabi ne, amma a can za a ɗauka rashin tabbas ne. Ki ɗaga kai, ki faɗi abin da kika yi ba ƙari ba ragi. In aka tambaye ki abin da ba ki sani ba, ki ce ba ki sani ba, ga yadda za ki nemo. Malamanmu na zaure sun riga sun ce wannan rabin ilimi ne.

Mahaifiyarki ta kira ni a kan maganar rediyeshin, wai an ce mata yana hana haihuwa. Na kwantar mata da hankali, ke ma bari in ba ki abin da za ki riƙe. Iyakar da aka gindaya wa ma'aikaci ita ce milisibat 20 a shekara, in an raba a kan shekara biyar, kuma mai kiyaye ƙa'ida ba ya kusantar wannan adadi. Yawancin abin da yake samun likita daga jikin majiyyaci yake fallatsowa, don haka in kin ninka tazararki sau biyu, abin da zai same ki ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. Rigar dalma, abin kare maƙogwaro, tabarau, da ɗan ma'aunin da ake maƙalawa a riga, kada ki shiga ɗaki babu su ko da aikin minti biyu ne. Ki tambaya ko hukumar kula da rediyeshin, NNRA, ta ba wurin lasisi, kuma ko ana karanta ma'aunin a kai a kai, ba a bar shi ya zama ado ba. In Allah ya kawo rabo, ki sanar da wuri, ƙa'ida ita ce kada abin da zai isa ga ɗan tayi ya wuce milisibat 1 har a haihu, kuma mata da yawa a duniya sun yi aikin nan sun haifi 'ya'yansu lafiya. Abin da ya fi damun masu aikin a zahiri ciwon baya ne, saboda nauyin rigar da tsayuwar sa'o'i. Sai kiran dare, don jini ba ya jiran gari ya waye. Wannan ki faɗa wa duk wanda zai aure ki tun kafin a kai kuɗin gaisuwa, ya ji da kunnensa, ya amince da bakinsa.

Na ce zan dawo kan maganar kaya. Duk inda kika yi horo, ranar da kika dawo za ki tarar wayar da kike so babu, bututun da ya dace sai an yi oda, wuta za ta ɗauke kina tsakiyar aiki, majiyyaci kuma daga aljihunsa zai biya komai. Wasu sukan yi fushi su koma inda suka fito, ban kuma zarge su ba. Waɗanda suka zauna suka yi tasiri, da ƙananan ayyuka suka fara: ɗebo tsoka, zuƙe mugunya, bututun ƙoda, bututun madaciya, hanyar wankin ƙoda. Suka yi su da kyau har likitocin tiyata da na mata suka fara turo musu da kansu, sannan hukumar asibiti ta ga dalilin sayen babbar na'ura. Suka kuma horar da nas da mai ɗaukar hoto tare da su, don hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ki girmama waɗannan mutane tun kina ƙaramar likita. Tsohon mai ɗaukar hoto ya san halin na'urarsa fiye da ke, kuma zai koya miki in kin gaishe shi.

Ki yi istihara, ki yi shawara da iyayenki. In zuciyar tana nan inda take, ki yi rajistar jarabawar share fage a zama mai zuwa, sannan ki je sashen rediyoloji mafi kusa da ke ki roƙi izinin halartar ranakun da ake aikin allura, ko riƙe fayil ne ki riƙe. Idan kin rubuta takardar bayanin kan, ki turo mini in duba kafin kowa ya gani. Ki gaida mahaifiyarki da ƙannenki. Allah ya yi miki albarka, ya zaɓa miki mafi alheri.

Baffanki.